Haɗa Mota A Gida: Abin Da Makanikan Maiduguri Za Su Ƙaru Da Shi

MAIDUGURI: A Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu akwai wata ƙaramar masana'anta da ba a cika jin labarinta a nan ƙasar ba, watau ta sayar da mota a warwatse cikin akwatuna, mai saye ya haɗa abarsa da hannunsa a garejin gidansa. Galibin irin waɗannan motoci kwaikwayo ne na shahararrun motocin tsere na shekarun 1950 da 1960. Ga mazaunin unguwar Dala da ke gefen birnin Maiduguri, inda masu walda da makanikai da masu gyaran Keke NAPEP ke neman na tuwo a bakin hanya, wannan zai yi kama da wasan masu hannu da shuni. Amma tsarin da wannan sana'a ta ginu a kansa ya shafi batun da ya daɗe yana ci wa Nijeriya tuwo a ƙwarya, watau yadda za a mayar da basirar mai sana'ar hannu ta zama masana'antar da ke ɗaukar ma'aikata.

Asalin sana'ar

Haraji ne ya haifi wannan kasuwa. A shekarar 1957 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Colin Chapman ya fito da ƙaramar mota mai kujera biyu da ya kira Lotus Seven. A wancan zamani gwamnatin Ingila na ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ba ta ɗora shi a kan motar da aka sayar sassa-sassa. Saboda haka mai saye yakan karɓi akwatunansa, ya ɗaure notinansa da kansa, ya tsira da kuɗin harajin. Wannan rangwame ya ƙare a 1973, shekarar da kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera motar, kuma ya ci gaba da sayar da ita a haɗe ko a warwatse.

Sha'awa da tsadar motocin asali su ne suka riƙe kasuwar bayan haka. Alal misali, motar Ford GT40 ta lashe gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969, kuma an yi gwanjon ɗaya daga cikin na asali a kan Dala miliyan 11 a 2012. Wanda ba shi da wannan dukiya sai ya nemi kwaikwayonta. Kamfanin Factory Five na Amurka, wanda aka kafa a 1995, ya yi suna wajen sayar da ƙunshin sassan motar Cobra, yayin da masana'antar Hi-Tech Automotive da ke Port Elizabeth a Afirka ta Kudu ke ƙera kwaikwayon Cobra da GT40 tana fitar da su ƙasashen waje ba tare da inji ba.

Yadda aikin yake shi ne, kamfani ya aiko da ƙashin motar, wanda makanikai ke kira casis, da bodi na faiba ko na alminiyam, da wayoyin wuta, da littafin da ke bayyana kowane mataki. Inji da giyabos da birki kuwa, ko dai a saye su sababbi, ko a ciro daga wata tsohuwar mota da aka sadaukar domin aikin.

Lissafin kuɗi

Idan aka zo batun shigo da irin wannan ƙunshi Maiduguri, alƙaluma ba su ba da ƙwarin gwiwa ba. Lokacin da Caterham ya fito da samfurinsa mafi araha, Seven 170, a 2021, farashin ƙunshin ya fara ne daga Fam 22,990. A lokutan da Fam ɗaya ya kai Naira 2,000 cikin 2024, wannan ya tasam ma Naira miliyan 46, kafin kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na ɗauko kaya daga Legas. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024 sai ya tara albashinsa na fiye da shekara 54, bai ci bai sha ba, kafin ya biya.

Har ila yau akwai shingen doka. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972, kuma dokokin hanya sun hana rajistar mota mai sitiyari a dama, irin wadda ake tuƙawa a Ingila da Afirka ta Kudu. Bugu da ƙari, rajistar mota ta dogara ne a kan lambar casis da takardun kwastan, abubuwan da motar da aka waldace a tsakar gida ba ta zuwa da su.

To sai dai akwai wani reshe na sana'ar da ya fi kusa da halin da ake ciki a Dala. A 1996 wani malamin koyar da aikin mota a Ingila, Ron Champion, ya wallafa littafi da ya nuna yadda mutum zai ƙera mota mai kama da Lotus Seven daga tushe, da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da sassan tsohuwar Ford Escort. Motar ta yi suna da Locost, har ƙungiyar 750 Motor Club ta ware mata ajin tsere nata na kanta. Irin wannan bututu ne masu walda ke yin ƙofofi da tagogi da shi a kowace unguwa ta Maiduguri. Peugeot 504 kuwa, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna har cikin shekarun 2000, ƙafafun baya ne ke tura ta, kamar dai Escort ɗin. Ke nan ƙarfe da hannu da tsohuwar mota duk suna nan. Abin da littafin ya ƙara wa makanikin Ingila shi ne zane mai awo, wanda mutum dubu za su bi su sami mota iri ɗaya.

Abin da aka yi a Maiduguri

Misali mafi kusa da wannan a jihar Barno bai zo ta hanyar tsere ba, ya zo ne ta hanyar sufuri. Tun da aka hana hawan babur a Maiduguri a watan Yulin 2011 saboda matsalar tsaro, Keke NAPEP da ƙananan bas-bas suka zama abin hawan talaka. Wani matashi, Mustapha Gajibo, wanda ya bar karatu a Jami'ar Maiduguri ya kafa kamfanin Phoenix Renewables, ya shiga cire injin fetur daga ƙananan bas yana maye gurbinsa da na lantarki da batura, ana cajinsu da hasken rana. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a 2022 cewa ya sauya bas goma, kuma yana ƙera wata mai kujera 12 daga tushe. Babbar matsalar da rahoton ya ambata ita ce ƙarancin kuɗin musaya na shigo da sassa.

An yi wannan aiki ne a lokacin da birnin ke cikin duhu, bayan da aka lalata turakun babban layin wuta na Damaturu zuwa Maiduguri a watan Janairun 2021. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya ƙara karkata ga lantarki, kuma a watan Disamban wannan shekara Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya 107 masu amfani da gas da lantarki na gwamnatin jihar.

Kafin Gajibo an ga wasu masu irin wannan himma. Injiniya Ezekiel Izuogu ya nuna motarsa Z-600 a Owerri a 1997. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007. Jerry Mallo na Jos ya nuna motar gudu mai suna Bennie Purrie a Abuja a 2019. Kowanne ya sha tafi, ya fito a jaridu. Z-600 dai ba ta kai ga shiga kasuwa ba. Samfuri guda yana tabbatar da basira, amma riba ba ta samuwa sai an iya maimaita shi sau ɗari da awo ɗaya da farashin da aka sani tun farko.

Darasin masana'antun gwamnati

Ita ma Nijeriya a matsayinta na ƙasa ta daɗe tana haɗa mota daga akwati. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi da Fiat a Kano. Dukkansu sun dogara ne a kan sassan da ake shigowa da su, da fatan za a riƙa ƙera su a gida sannu a hankali. Masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da aka sa ran za ta ba su ƙarfe ba ta kammalu ba. Da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar Naira daga 1986, farashin akwatunan ya yi tashin gwauron zabo, motocin Kwatano suka cika kasuwa, yawancin masana'antun suka durƙushe.

Manufar bunƙasa masana'antar motoci ta 2013 ta sake gwada hanyar haraji: ta ɗora kashi 70 cikin 100 a kan ƙananan motocin da aka shigo da su a haɗe, ta yafe haraji a kan cikakken ƙunshin sassa na masana'antun da aka amince da su. Dokar Kuɗi ta 2020 ta zabge wani ɓangare na wannan haraji, daga kashi 35 zuwa kashi 5. Mai zuba jari ba ya sakin jiki da manufar da ke sauyawa cikin shekara bakwai, kuma ƙaramin makaniki na Dala ba ya cikin waɗanda rangwamen ya shafa tun asali.

Abin lura a nan shi ne, kaso mafi tsoka na ribar mota yana wurin mai zane da mai ƙera sassa. Mai ɗaure noti lada kawai yake samu. Afirka ta Kudu tana samun kuɗin musaya daga wannan sana'a ne domin ita ke cika akwatin tana aikawa.

Abubuwan da suka rage

Abu uku ne suka riƙe sana'ar a Ingila, kuma babu wanda ya fi ƙarfin Barno. Na farko zane ne tabbatacce. Sashen injiniya na Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat na iya fitar da zane guda na sauya ƙaramar bas ko Keke zuwa lantarki, da jerin sassa da awonsu, a rubuce cikin Hausa da Kanuri da Turanci.

Na biyu gwajin lafiya ne. Tun 1998 Ingila ta tanadi gwaji na musamman ga motar da aka haɗa a gida, wanda aka sabunta a 2009, inda ake duba birki da fitilu da sitiyari da bel ɗin kujera kafin a ba ta lamba. Wannan ne ke ba kamfanin inshora da banki natsuwa. Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, wadda Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, mai zanen Chevrolet Volt, ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023, ita ce ta dace ta tsara makamancinsa tare da Hukumar Kiyaye Haɗurra da jami'an duba motoci na jihohi. Batu ne na rai, domin waldar da ta isa riƙe ƙofar gida ba lalle ta riƙe mota mai fasinja bakwai a kan gudu ba, batirin da aka yi wa haɗin ganganci kuwa yana iya kamawa da wuta a zafin bazarar Maiduguri.

Na uku jari ne mai sauƙi da sayayyar haɗin gwiwa. Makaniki ɗaya ba zai iya buɗe takardar odar batura daga Sin ba, amma ƙungiyar makanikai hamsin za ta iya, ta kuma sami ragi.

Motar tsere ta kwaikwayo za ta ci gaba da zama abin sha'awar tsirarun masu hali. Ga matasan Dala, waɗanda da yawansu rikici ne ya koro iyayensu daga ƙauyuka, amfanin labarinta shi ne hanyar da ta nuna: zane guda, sassa masu awo ɗaya, da jami'in da zai duba aikin ya sa hannu. Kasuwar kuwa tana nan, domin kowace safiya dubban mutane ne ke tsayawa a bakin titunan Maiduguri suna jiran abin hawa mai rahusa.