BABI NA UKU: KAYAN ƘIRAR JIRGIN SHAWAGI DA YADDA SOJOJI SUKE AMFANI DA SHI

3.1 Gabatarwa

Jirgin shawagi shi ne jirgin saman da ba shi da inji. Wani jirgin ne yake jansa da igiya, ko ya ɗauke shi zuwa sama ya sake shi, daga nan sai ya riƙa tafiya yana sauka a hankali, kamar yadda shirwa take yi idan ta ware fukafukanta. Ana auna nagartarsa da nisan da yake ci kafin ya rasa tsayi. Idan aka ce jirgi yana da 25 bisa 1, ana nufin yana tafiyar mita 25 gaba a duk mita ɗaya da ya yi ƙasa. A wannan babi za a duba kayan da ake ƙera shi da su, domin a nuna cewa abin da yake raba zaɓin ɗan wasa da na soja shi ne ko ana sa ran jirgin ya dawo gida ko ba a sa rai.

3.2 Daga Itace Zuwa Zaren Gilashi

Otto Lilienthal, Bajamushen da ya yi ta gwajin tashi daga 1891 har zuwa 1896 da ya faɗo ya mutu, da rassan itace masu lanƙwasuwa da yadin auduga ya yi jiragensa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Basai ta 1919 ta hana Jamus mallakar jiragen yaƙi, sai matasan ƙasar suka karkata ga jirgi marar inji, har suka fara gasa a kan tsaunin Wasserkuppe a 1920. Kayan wannan zamani su ne katako marar nauyi, da yadi, da kuma filawud, wato siraran fallayen katako da ake mannawa da gam. Gam ɗin kuwa daga madara ake sarrafa shi, shi ya sa danshi yake saurin lalata shi.

An sami babban sauyi a 1957, lokacin da jirgin Phönix, wanda aka ƙera a Situtgat ta Jamus da zaren gilashi, ya tashi. Zaren gilashi da aka jiƙa da gam yana ba da fiffike mai santsi wanda ba ya sauya siffa. Daga baya zaren kabon ya shigo, ya ba da damar yin dogon fiffike siriri mai ƙarfi. Jiragen gasa na yau suna wuce 50 bisa 1, sai dai suna da tsada, kuma masu su kan yi shekaru da dama suna tashi da su.

3.3 Jirgin da Ba Zai Dawo Ba

Bukatar soja daban take. A ranar 10 ga Mayu 1940 sojojin Jamus suka sauka ba tare da ƙara ba a kan sansanin Eben-Emael na Beljiyam cikin jiragen DFS 230, waɗanda gangar jikinsu bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi. Wannan nasara ta sa Ingila da Amurka suka shiga ƙera nasu. Da yake an san yawancinsu a gonaki za su faɗa su kakkarye, ga shi kuma alminiyam na jiragen yaƙi masu inji ne, sai aka nemi abin da yake da araha. Ingila ta yi jirgin Horsa kusan gaba ɗaya da katako, kuma masana'antun kujeru da gadaje ne suka yi yawancin sassansa. Amurka ta ƙera Waco CG-4A fiye da 13,000, kowane yana ɗaukar soja 13 ban da matuƙa biyu, har kamfanin Steinway mai yin fiyano ya shiga aikin.

Amma arahar tana da iyaka muddin akwai rai a ciki. A ranar 1 ga Agusta 1943, a birnin St. Louis na Amurka, fiffiken wani CG-4A ya ɓalle a gaban 'yan kallo, mutum 10 suka mutu, ciki har da magajin garin. Bincike ya nuna cewa wani ɗan ƙarfe da yake riƙe tokaren fiffiken ne aka yi shi da kaurin da bai kai yadda aka tsara ba.

3.4 Idan Aka Cire Matuƙi

Da zarar an cire mutum daga cikin jirgi, wannan iyaka ta tafi. Ba a bukatar kujera ko taga ko tayar sauka, kuma ba a bukatar jikin da zai kare ƙashin ɗan'adam. Tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanin Siemens ya gwada jirgin shawagi mai ɗauke da makamin nutsar da jirgin ruwa, ana sarrafa shi da siririyar waya, amma yaƙin ya ƙare ba a yi aiki da shi ba.

Misalin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne BV 246, wanda kamfanin Blohm & Voss ya ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suka yi masa laƙabi da ƙanƙara. Bom ne mai dogayen fukafukai sirara, kuma fukafukan nan da siminti aka zuba su a kan ƙashin ƙarfe. Mai karatu zai iya cewa ai siminti da tashi sama ba su haɗu ba. Amma a jirgin shawagi, nauyi ba ya rage nisan da za a ci daga wani tsayi. Abin da yake yi shi ne ƙara gudu, wato jirgi mai nauyi yana bin hanya ɗaya da marar nauyi, sai dai ya riga shi isa. Wannan dalili ne ya sa 'yan gasa a yau suke ɗura ruwa a cikin fukafukansu da gangan. Siffar fiffike da santsinsa su ne suke yanke nisa, siminti kuwa yana karɓar kowace siffa aka zuba shi a ciki, ga araha, ga shi ba ya cin alminiyam. Da haka BV 246 ya kai kimanin 25 bisa 1, daidai da jiragen wasa masu kyau na zamaninsa, wato idan aka sake shi daga tsayin kilomita 8, a lissafi zai ci kilomita 200.

An ƙera kimanin 1,000, amma ba a kai ga amfani da su a fagen fama ba. Matsalar ba ta fiffike ba ce, ta saiti ce: bom yana iya yin nisa, amma na'urorin lokacin ba sa iya kai shi daidai inda ake so. A ganin mai wannan bincike, nan ne aka fi yin kuskuren fahimta, domin ana yawan ɗora gazawar a kan siminti, alhali shi ne ɓangaren da ya yi aikinsa.

3.5 Halin da Ake Ciki a Yau

Na'urar gane wuri ta tauraron ɗan'adam da ƙananan kwamfutoci sun magance matsalar saiti, don haka tsohon tunanin ya farfaɗo. Sojojin Amurka sun gwada jiragen kai kaya marasa matuƙi, irin su Silent Arrow, wanda kamar akwati yake. Ana turo shi daga bayan jirgin dakon kaya, fukafukansa su buɗe, ya kai abinci ko harsashi ko magani wurin da yake da nisan kilomita masu yawa, ba tare da babban jirgin ya shiga inda za a harbo shi ba. Wasu daga cikin irin waɗannan da filawud aka yi su, kamar dai Horsa. Akwai kuma CICADA, wanda cibiyar bincike ta sojojin ruwan Amurka ta ƙera, girmansa bai wuce tafin hannu ba sosai, kuma allon da aka dasa na'urorin lantarki a kai shi ne fiffikensa.

Ta fuskar ɓarna kuwa, daga 2023 Rasha ta riƙa ɗaura fukafukai masu buɗewa da na'urar saiti a jikin tsofaffin bama-baman zamanin Tarayyar Sobiyat tana jefa su a Yukren. Jirgin da ya ɗauko bom ɗin yana sakinsa daga nesa ya juya, shi kuma bom ɗin, da yake ba shi da inji, ba ya fitar da zafin da makamai masu bin zafi suke nema, wanda hakan ya sa kakkaɓo shi yake da wuya.