Jarin Yaro: A Gwada Shi Da Kaɗan Kafin A Ba Shi Mai Yawa

Idan kaka ta yi a Sabon Birni da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo, aka sayar da gyaɗa da masara, wani uban kan ware 'yan kuɗi domin ɗansa da ya fara tasawa. To, a jefa su asusu, ko kuwa a danƙa masa ya juya? Mu dai muna ganin danƙawar ta fi.

Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni a riƙa jarraba marayu, kada a miƙa musu dukiyarsu sai an ga alamun shiriya gare su. Malaman tafsiri sun bayyana cewa yaron da ya tashi a gidan kasuwanci ana gwada shi ne da kaɗan, ya saya ya sayar. Wannan darasi ne ga kowane uba. Manzon Allah (S.A.W.) ma ya bi baffansa Abu Ɗalib fatauci zuwa Sham tun yana yaro.

Haka kuma kuɗin ajiya ƙanƙancewa suke yi. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umurni a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Balle a zamaninmu, da hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024.

Hanyar da muka fi so ita ce ta ƙirali: uba da jari, ɗa da aiki. A saya masa ɗan rago watanni kafin Babbar Salla, ya riƙa rubuta kuɗin dusa da harawa da magani a littafi. A yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi. In an faɗi ba da sakacinsa ba, asarar ta mai jari ce. Yaro ya yi hasarar guminsa kawai, kada a tsangwame shi.

Ma'aikacin gwamnati na iya ajiye masa ribar a bankin da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Sharaɗi dai, kada kiwo ya hana karatu. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.