SHARON: An Daina Ƙera Ta, Ko Ta Dace Da Mai Iyali?

Daga Wakilinmu, Abuja

Duk sa'ad da Sallah ta gabato, magidantanmu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Mile 12, da na Sabon Ibadan da Shagamu, har da na Fatakwal da Anacha, lissafi ɗaya suke yi, watau kuɗin motar mutum shida ko bakwai zuwa gida da dawowa, ban da na kaya. Wanda Allah ya ɗan buɗa wa, daga wannan lissafi sai ya shiga tunanin mallakar tasa motar wadda za ta kwashe iyali gaba ɗaya. In kuwa ya nemi shawarar 'yan'uwa na Arewa, sunan da zai fi ji shi ne Sharon, wurin da za a fi nuna masa kuma Abuja ne.

To, sai dai akwai maganar da ke sa wasu ja da baya. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya daina ƙera wannan mota tun shekarar 2022. Mai kuɗin gumi kuwa dole ya tambaya, shin in ya zuba abin da ya tara a motar da masu ita suka yi watsi da ita, ba zai wayi gari yana neman kayan gyara kamar ruwa a jallo ba?

Asalin motar

Sunanta na gaskiya Sharan, bakin direbobinmu ne ya mai da ita Sharon. An fara fito da ita a 1995, kuma ba a Jamus ake haɗa ta ba, a garin Palmela ne na ƙasar Fotugal, a wata masana'anta da Volkswagen da Ford suka kafa tare. Saboda haka ne ta fito da 'yan'uwa biyu, Ford Galaxy da SEAT Alhambra, waɗanda in aka cire tambari da fitilu da wuya mutum ya bambance su. An yi mata babban gyaran fuska a 2000, aka ci gaba da ƙera wannan samfuri har 2010, sa'an nan aka fito da sabuwa mai ƙofofin baya na ja, wadda ita ce aka rufe da ita a 2022. Ford ya ware ya yi tasa Galaxy ɗin dabam tun 2006, shi ma ya daina a 2023.

Ba don wani aibu aka daina ta ba. Mutanen Turai ne suka juya wa irin waɗannan motocin iyali baya suka koma wa masu ƙirar jif, kamfani kuwa inda kasuwa take nan yake bi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, Sharon ɗin da ta cika Abuja da hanyoyin Arewa samfurin farko ce, ta 1995 zuwa 2010. Watau ko wadda ta fi kowace ƙuruciya a cikinsu ta kai shekara 15, da yawa kuma sun haura 20. Ita wannan an daina ta tun 2010, amma ba ta rasa kayan gyara ba, don haka labarin 2022 bai ƙara mata komai ba, bai rage ba.

Tasha ce ta raya ta

Dalilin da ya sa ba ta rasa ba, yana tashoshin mota. Wanda ya shiga tashar Jabi ko ta Zuba ko ta Nyanya zai ga yadda Sharon ta gaji matsayin da Fijo 504 ta Kaduna ta riƙe a da, tana jigilar fasinja zuwa Kaduna, Zariya, Kano, Jos da Bauchi. Motar da ɗaruruwan direbobi ke cin abinci da ita kuwa, 'yan kasuwa ba za su bar ta ta kwana babu kaya ba. A wajen kanikawan Apo, da kasuwar kayan mota ta Zuba, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, ana samun kayanta tun daga fulogi har zuwa inji sukutum da aka ciro daga motocin da aka farfasa a Turai. Bugu da ƙari, injinta mai lita 2.0 dangin na Golf da Passat ne, saboda haka duk bakaniken da ya ƙware a Golf ba zai tsaya yana kallonta ba. Mazauna Ikko su ma suna da kasuwar Ladipo a Mushin, ko da yake a Kudu masu gyaran Toyota sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma wannan abin dubawa ne ga wanda ke zaune a ƙaramin gari.

Amma fa ita wannan tasha da ta raya motar, ita ce kuma ta cinye mafi yawansu. Nan ne haɗarin sayen Sharon yake. Motar da aka yi wa mutum bakwai, a tasha ana ɗora mata fiye da haka, ga buhuna a baya an ɗaure ƙofa da igiya, ta je Kano ta dawo, gobe ma haka, shekara da shekaru. Ran da direba ya ga ta fara cin riba, sai a kai ta wajen mai bugun bodi, a watsa mata sabon fenti, a ɗinka wa kujeru riga, a ajiye ta bakin hanyar Kubwa ko Kugbo ko Mararaba. Dillali kuma zai rantse cewa 'yar Abuja ce, wani ma'aikaci ne ke kai 'ya'ya makaranta da ita. Gaskiya ne motar da ta yi rayuwarta a kan kwaltar cikin Abuja takan fi lafiyar ƙafa, amma lambar Abuja ba shaida ba ce. Lambar haya rubutunta ja ne, ta gida shuɗi, sai dai canza lamba ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Tsohuwar motar tasha ba ta ɓuya ga mai natsuwa. Kujerun baya guda biyar na Sharon kowace zaman kanta take yi, ana iya cire ta a mayar. In an tarar an yi musu walda da ƙasa, ko an sa benci a madadinsu, an gama magana. A duba ƙofar but, ko makullinta ya sassauta, ko akwai sawun igiya a gefen fenti. A leƙa ƙarƙashi a ga ko an ƙara wa sifirin na baya ƙarfi don ɗaukar lodi. A ɗaga robar bakin ƙofa a ga launin da ke ciki, a dubi gilashi ko akwai tabon takardun ƙungiyar direbobi da aka kankare. Agogon kilomita kuwa kada a ba shi amana, don mayar da shi baya ba wuya. Robar burki da ta kuloci da sitiyarin da ya yi santsi sun fi shi faɗin gaskiya.

Wane inji?

Ba duk Sharon ce Sharon ba. Akwai mai inji 2.0 na fetur mai ƙarfin doki 115, akwai mai 1.8 da tabo mai doki 150, akwai babba mai silinda shida 2.8, sa'an nan akwai mai shan gas 1.9. Ga mai iyali, ta farkon ce zaɓi, tare da giyar hannu. Ba ta da gudu, kuma in an cika ta tana nishi a hawa, amma injinta ba shi da rikici, kuma shi ne kowane bakanike ya sani. Mai tabo ta fi kuzari, sai dai ba ta yafe jinkirin juye ko baƙin mai maras kyau. Mai silinda shida daɗin tuƙi gare ta, ga shan mai, ga matsi a cikin bonet har hannun bakanike ba ya shiga sosai. Giyar otomatik ta waɗannan shekaru in ta lalace kuɗinta kan girgiza mutum, kuma yawancinsu sun riga sun gaji.

Wanda aka nuna wa Galaxy a ce ai duk ɗaya ce, ya buɗe bonet tukuna. Wasu daga cikin Galaxy na wancan zamani injin Ford ne a cikinsu, 2.0 ko 2.3, kuma kayansa ba sa shiga na Volkswagen. Alhambra ce injinta duk na Volkswagen ne.

Ciwon da ya fi kashe Sharon a ƙasar nan zafi ne. An yi ta don ƙasar sanyi, ga shi kuma kanikawanmu sun saba cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya a lagireto. Mai saye ya je da safe kafin a tayar da ita, ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko akwai farin kumfa kamar madara, ya duba robar ruwa ko mai ya hau kai. Ko ɗaya aka gani, gaskit ya ƙone ko yana hanya. Bayan haka a tuƙa ta da gaske, kada a tsaya ga zagaye unguwa. Daga Kubwa zuwa Zuba a dawo, da mutane a ciki da na'urar sanyi a kunne, ya isa allurar zafi ta faɗi abin da ke ranta. In da hali a kai ta a sa mata kwamfuta, domin akwai masu kashe fitilar gargaɗi ta gaban direba don kada ta tona asiri.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar mazauna Kudu. A ƙasan gilashin gaba akwai magudanar ruwan sama, wadda in ganye da ƙura suka toshe ta, ruwa kan bi ya kwanta a ƙarƙashin darduma inda wayoyi suke. A Kano mutum zai iya shekara bai lura ba, amma daminar Ikko ko ta Fatakwal ba za ta bar shi ba. Sai gilashi ya ƙi hawa, makulli ya riƙa yin abin da ya ga dama. A ɗaga darduma a taɓa, a kuma shinshina. Wadda ta zo daga Turai kuma a duba tsatsa a gefen ƙasa, saboda gishirin da suke zuba wa hanya lokacin ƙanƙara, iskar bakin teku kuwa ƙara masa za ta yi.

Takardu

Wannan ba wurin sakaci ba ne ga mai bin hanyar Ikko zuwa Arewa, ko ta Lakwaja da Okene ko ta Ilori da Jebba da Mokwa, domin jami'an kwastan suna tsayar da motoci suna neman takardar fito. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Shugaba Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma Sharon da yawa ta Kwatano suka biyo. Kafin a biya ko kwabo, a kai takardun ofishin kwastan a tabbatar da su, a gwada lambar shasi ta jikin mota da ta takarda harafi bayan harafi. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a yi canjin suna. A Abuja ofishin 'yan VIO yana Mabushi. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, kuma a yanke ta gaske, ban da ta bakin titi.

Kujera bakwai, kaya fa?

Ga wani abu da dillali ba zai faɗa ba. In an kafa kujeru bakwai duka, wurin kayan da ya rage a baya ɗan kaɗan ne, jaka biyu ko uku sun cika shi. Mu kuwa ba a zuwa gida hannu rabbana, ba a kuma dawowa ba tare da buhun gero ko na wake ba. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku ko huɗu zai ji daɗinta ƙwarai, don yana iya cire kujera ɗaya ko biyu ya sami fili. Mai gida biyu da 'ya'ya takwas kuwa, in ya ce sai ta kwashe su duka, ya mai da motarsa ta tasha da hannunsa, ga kuma 'yan Road Safety a hanya.

Batun mai shi ma a yi lissafinsa tun kafin ciniki. Tankinta lita 70 ne, kuma mai 2.0 mai lafiya takan sha wajen lita 10 a kilomita 100 a doguwar hanya, fiye da haka a cunkoson Ikko. Daga Ikko zuwa Kano ya kai kilomita 1,000, watau zuwa da dawowa lita 200 ne ko sama. Kafin Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Duk da haka in aka raba wannan kuɗi kan mutum shida, har yanzu mai mota bai yi asara ba a tafiyar Sallah. Asarar tana wajen wanda zai riƙa shiga da ita kasuwa kullum shi kaɗai, yana taka kuloci daga Agege zuwa Idumota.

Wasu za su ce me zai hana a sayi Toyota Sienna, wadda har yanzu ana ƙera ta a Amurka, kuma ita ce kamfanonin sufuri na Kudu suka fi amfani da ita. Wanda aljihunsa ya kai, kuma zamansa na Kudu ne dindindin, Sienna ta fi masa kwanciyar hankali, ta fi faɗi, masu gyaranta kuma suna ko'ina. Sai dai tsofaffinta da ke kasuwarmu silinda shida ne da giyar otomatik, kuɗinta kuma ya fi. Sharon motar mai matsakaicin ƙarfi ce wanda ƙafarsa ɗaya ke Arewa.

Wanda ya samu mai tsabta, kada ya kashe duk kuɗinsa a ciniki. Ya rage abin da zai canza taimin bel da famfon ruwa nan take, ko mai sayarwa ya ce jiya aka sa, domin a mai tabo da mai gas in bel ɗin ya tsinke yakan lanƙwasa bawul. Ya mayar da tamostat, ya yi juye, ya duba burki. Tayoyi kuma ya karanta lambobi huɗu da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki. Safayar tana maƙale a ƙarƙashin mota ta baya, kuma ƙarfen da ke sauke ta kan cije da tsatsa, gara a gwada shi a Apo da rana tsaka da a gano haka da dare tsakanin Mokwa da Bida da yara a ciki.

Ran da kuma ya so rabuwa da ita, ba zai sha wahalar neman mai saye ba. Direbobin Jabi da Zuba kullum suna cigiyar Sharon ɗin da ba ta taɓa shiga tasha ba, kuma mai 2.0 da giyar hannu suke fara tambaya.