Marsiyya A Bakin Samarin Amurka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ku sani a ƙasar Amurka akwai wani kiɗa na samari da ake ce da shi emo. Ya tsiro a birnin Washinton wajen shekarar 1985, reshe ne na kiɗan fank mai sauri da hargowa. Shi fank galibinsa tsiwa ce ga masu iko, emo kuwa kukan zuci ne.

Cikin waɗanda suka shahara da shi akwai ƙungiyar My Chemical Romance ta jihar Niyu Jasi. Babbansu, Jerad Wei, mai zane ne a Niyu Yok. Ran 11 ga Satumba 2001, ranar da mutum kusan 3,000 suka halaka, ya ga rushewar dogayen benayen nan da idonsa. Sai aikin ya fita ransa, ya tara abokai, har da ƙanensa Maiki, suka kama waƙa. Faifansu na fari ya fito a 2002 ta hannun wani ƙaramin kamfani, na biyu a 2004. Na uku, na 2006, shi ya ƙara baza sunansu a duniya, amma da yawa cikin masoyansu na dauri sun fi ƙaunar biyun farko. Ina dalili?

Na ɗaya, ba su sha kwalliya ba, balle na fari, wanda aka ɗauka cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan. Murya takan dushe, takan karye kamar ta mai kuka, aka bar ta haka nan. Falke ya san bambancin zumar da aka ɗebo daga amya da wadda aka sirka domin kasuwa.

Na biyu, mutuwa ce jigonsu. Waƙar Helena, ta cikin faifai na biyu, marsiyyar kakarsu ce. Yaron da ya yi rashi, ko kaɗaici ya dame shi, in ya ji wani ya faɗi abin da shi ya kasa faɗi, sai ya ji sanyi. Ƙungiyar ta watse a 2013, ta sake haɗuwa a 2019, masoyan ba su manta ba.

To, hukuncin kiɗa yana nan cikin littattafan fiƙihu, ba shi muke warwarewa yau ba. Abin lura shi ne, waɗancan samari sun nemi mai sauraron baƙin cikinsu, suka same shi a faifai. Mu muna da ta'aziyya da waƙoƙin wa'azi, muna da zaure. Amma almajirin da uwarsa ta rasu yana nesa, wa ya zaunar da shi bayan sadakar uku? Yaron shagon da ya daina dariya fa? Labarin zuciya a tambayi fuska. Malam ya dubi almajirinsa, maigida ya dubi yaronsa, tun bai kai kukansa wani wuri ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalam.