"Ai Yana Cikin Littafi": To, Wane Shafi?

Da zarar gardamar tarihin Kankia ko Kusada ta taso a Facebook, sai ka ji an ce ai yana cikin littafi. To shi marubucin ina ya samo?

Ɗauki littafin Dakta Bala Usman na 1981 kan tarihin Katsina. Bi 'yar lambar ƙarshen jimla zuwa inda ya faɗi madogararsa. In ka ga NAK KATPROF, fayil ne na Lardin Katsina a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, rubuta lambarsa ka je ka nema. In hira ce da dattijo, nemi zuri'arsa tun masu tunawa na raye.

Ni kam ba na yaɗa labarin asalin gari sai na ga tushensa, don irinsa kan raba zumunci.