Ciwon Zubar Jini na Itacen Kwakwa da Maganinsa

Mu duka mun san kwakwar Attagara a kasuwa, amma kaɗan daga cikinmu suka san wahalar da masu nomanta ke sha. A kudancin Indiya da tsibirin Silon, watau Siri Lanka ta yanzu, akwai gidaje masu yawa waɗanda abincinsu da tufarsu duk daga wannan itace su ke fitowa. Itacen kuwa yakan yi shekara 6 ko fiye kafin ya soma 'ya'ya, saboda haka mutuwar ko guda ɗaya ba ƙaramar hasara ba ce.

Cikin cututtukansa akwai wadda a ke kira zubar jini, wadda aka fara ba da labarinta a Silon cikin 1906. Wata irin fumfuna ce ke kawo ta. Tana zaune cikin ƙasa, ba ta kuwa samun hanyar shiga sai inda jikin itacen ya tsage, ko aka sare shi, ko wuta ta taɓa shi. Alamarta ita ce wani ruwa ja-ja ya riƙa tsattsafowa daga tsagar, in ya bushe ya yi baƙi. A ƙarƙashin ɓawon kuwa naman itacen na ruɓewa.

Maganin da aka daɗe da sani shi ne haɗin Bodo, wanda wani masani Bafaranshe, Millardet, ya bayyana cikin 1885 domin kurangar inabi. Akan jiƙa kilo 1 na shuɗin gishirin jan ƙarfe cikin lita 5 ta ruwa, kilo 1 na farar ƙasa ƙonanniya cikin wata lita 5, sa'an nan a gauraya su a tukunyar ƙasa, ba ta ƙarfe ba, gama maganin yana cin ƙarfe.

Amma mu lura, shafa shi a bisa ɓawo aikin banza ne. Sai an fafe ruɓaɓɓen wurin sarai har lafiyayyen nama ya bayyana, a ƙone abin da aka fafe, kana a shafa maganin. Bayan kwana ɗaya ko biyu a rufe gurbin da kwalta. Yanzu akan yi amfani da sababbin magunguna kamar hexaconazole, duk da haka fafewar nan ba ta faɗi ba.

In ruɓar ta riga ta yi nisa cikin itacen, da wuya magani ya cece shi. Don haka manomi mai hankali yakan duba itatuwansa a kai a kai, ya hana sara da ƙona shara a gindinsu, ya kuma yi wa ruwa hanya kada ya kwanta. Rigakafi dai ya fi magani.