Daga cibiya zuwa gwiwa: Yadda ake gane kilt ya zauna daidai a jiki

Duk wanda ya taɓa kallon bikin aure ko faretin sojoji a Sikotlan ya ga maza sanye da wata tufa mai kama da siket, wadda ake kira kilt. Baƙo zai iya ɗauka cewa ɗaura ta kawai ake yi kamar zani. Amma a wajen masu ita, bambancin inci ɗaya ko biyu a tsayinta ya isa ya sa a yaba wa mutum ko a yi masa dariya.

Tufar ta samo asali ne daga yankin tsaunukan Sikotlan. A ƙarni na 16, babban mayafin ulu ne da ake ɗaurewa a ƙugu da bel, a yafa ragowarsa a kafaɗa. A ƙarni na 18 aka raba shi, aka bar rabin ƙasa kaɗai, wanda shi ne kilt na yau. Gwamnatin Birtaniya ta haramta sanya shi a 1746, bayan yaƙin Culloden, in ban da sojojinta, sannan ta janye dokar a 1782.

Ko sarakuna ba su tsira daga kuskuren awo ba. Lokacin da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinburgh a 1822, ya fito da kilt da ya yi masa gajarta, ya haɗa da matsattsen wando mai launin hoda don rufe ƙafafunsa. Shigar ta zama abin ba'a, kuma har yau ana ba da labarinta.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ba a ɗaura kilt a inda wando ke zama. Mazauninsa shi ne daidai cibiya ko ɗan sama da ita, tsakanin haƙarƙari da ƙashin kwankwaso. Saboda haka lambar wandon mutum ba ta da amfani a wannan awo. Wanda ya sauke shi ƙasa kamar wando zai ga ya zarce gwiwa, bayansa kuma ya lotsa.

Awo uku tela ke buƙata. Na farko ƙugu, a daidai cibiya, a ja tef ɗin ya ɗan kama jiki ba tare da an shanye ciki ba. Na biyu mazaunai, a wurin da ya fi faɗi, kuma a nan ana sassauta tef ɗin. Na uku tsayi, daga cibiya zuwa gwiwa. Wannan na ƙarshe sai da taimakon wani, domin da zarar mutum ya sunkuya don ya duba tef, awon ya sauya. Ana so ya tsaya a miƙe, ƙafafu a haɗe, yana kallon gaba.

Bisa al'ada, bakin kilt yana tsayawa ne tsakanin saman ƙoƙon gwiwa da tsakiyarsa. Idan ya rufe gwiwa gaba ɗaya, ya yi tsawo, kuma kaifin ulun zai riƙa gurzar bayan gwiwa yayin tafiya, musamman in ruwa ya jiƙa shi. Idan kuma cinya ta bayyana, ya yi gajarta. Akwai tsohuwar dabara ta gwaji: mutum ya durƙusa a kan gwiwoyinsa da bayansa a miƙe, bakin tufar ya kusa taɓa ƙasa, da saura kamar inci ɗaya. Waɗanda ake sayarwa a ɗinke galibi inci 24 ne tsayinsu, abin da ba zai dace da dogo sosai ko gajere ba.

Dalilin wannan tsanani yana cikin ɗinkin ne. Cikakken kilt yana cin yadi takwas na ulu, wato sama da mita bakwai. Gabansa shimfiɗaɗɗen ƙyalle ne guda biyu, ɗaya a kan ɗaya, bayansa kuma ninki ne a jere, waɗanda ake ɗinkewa daga ƙugu zuwa mazaunai, a saki sauran su riƙa lilo idan ana tafiya. Idan awon mazaunai ya yi kaɗan, ninkin zai buɗe, zanen yadin ya karkace. Idan ya yi yawa, sai su hau kan juna.

Sannan ba a yi wa ƙasan kilt kalmasa. Bakin saƙar yadin ne da kansa yake zama ƙarshensa. Don haka wanda ya yi gajarta ba shi da rarar da za a warware a ƙara masa tsayi. Wanda ya yi tsawo ana iya rage shi, amma aiki ne mai wahala da tsada. A ƙugu ne kaɗai ake da ɗan sauƙi, saboda maɗauran fata da ke gefe suna da huji da yawa, kuma tela na iya matsar da su idan mai shi ya yi ƙiba ko ya rame.

Sauran kayan shigar ma da gwiwa da cibiya ake auna su. Doguwar safa ana naɗe bakinta kamar yatsu biyu ko uku a ƙasa da ƙoƙon gwiwa, don gwiwar ta fito fili. Jakar da ake kira sporran, wadda ke maye gurbin aljihu, tana rataye a tsakiya, kamar tafin hannu ɗaya ƙasa da kan bel. Allurar ado kuwa a ƙyallen sama kaɗai ake maƙala ta, don nauyinta ya hana iska ɗaga shi. Idan aka haɗa ƙyallayen biyu da ita, tufar za ta ja, har ta yage.

Ga wanda aka gayyata biki a Sikotlan, akwai shagunan da ke ba da hayar cikakkiyar shigar. Ya gwada ta tun kafin ranar, ya yi tafiya, ya zauna, ya durƙusa. In zai zauna, ya shafa ninkin baya da hannu su kwanta a ƙarƙashinsa, don kada su yamutse.